Awon Murmushi

Bahaushe bai yi wa haƙori rowar suna ba. Yana da fiƙa, yana da turmi, yana da haure. Yaron da haƙoransa na fari suke zubewa a ce yana famfara, wanda ya rasa ɗaya a ce ya yi giɓi, wanda ya rasa na gaba duka a kira shi wawulo. Haka kuma ya raba murmushi da yaƙe, ko da yake duka biyun buɗe leɓe ne haƙora su bayyana. To amma a cikin sunayen nan kaf babu wanda ya kai wushirya gata. Giɓi da wushirya duk rata ce tsakanin haƙora, sai dai ɗaya abin tsokana ne a dandali, ɗaya kuwa abin yabo ne a bakin zabiya. Hatta marubutanmu na littattafan soyayya, in sun tashi siffanta tauraruwar labari, da wuya su sallame ta ba su tsaga mata 'yar siririyar wushirya ba.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan magana shi ne, a yau akwai wani reshe na likitancin haƙori da ake kira tsara murmushi, wanda a cikinsa ake auna haƙoran mutum da milimita, a kwatanta faɗin wannan da na wancan, a fitar da hukunci. A jerin laifuffukan da wannan awo yake kamawa kuwa, wushirya tana sahun gaba. Mai karatu zai so ya san daga ina ma'aunin ya fito, kuma wa ya ba shi wannan iko.

Asalin sana'ar daga masana'antar fim yake. A shekarar 1928 wani likitan haƙori a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, Charles Pincus, ya fara ƙera wasu siraran ɓawo da ake manna wa 'yan wasan Holiwud a fuskar haƙoransu kafin a ɗauki hoto. Kayan aro ne, in an gama ɗauka a ɓamɓare a ajiye, domin a lokacin babu danƙon da zai riƙe su su daɗe. Sai a 1955 wani likita mai suna Michael Buonocore ya gano cewa in aka shafa wa haƙori ɗan ruwan asid yakan yi kaushi, danƙo ya sami wurin kamawa. A farkon shekarun 1980 aka gano yadda za a yi wa tangaran ma haka. Daga nan abin da ake ara don kyamara ya zama abin da ake kwana da shi a tashi da shi.

Tambayar girma kuwa ta riga tangaran zuwa, domin masu ƙera wa tsofaffi haƙoran roba sun daɗe suna fama da ita. In baki ya zama fayau, da me za ka san faɗin haƙorin da ya dace da shi? A 1973 Richard Lombardi ya taɓo wani tsohon lissafi na Girkawa, wanda Yuklid ya bayyana kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda Turawa suke kira rabon zinariya. A 1978 Edwin Levin na ƙasar Ingila ya mayar da shi ma'auni sosai, har da takardun awo da ake karawa a baki. Ga yadda abin yake: in ka tsaya gaban mutum kana dubansa, faɗin haƙori na biyu da idonka yake gani ya zama kashi 62 cikin 100 na babban haƙorin tsakiya, fiƙa kuma ta zama kashi 62 na wancan na biyun. Bayan wannan akwai wasu ƙa'idojin. Babban haƙorin tsakiya yakan kai milimita 10 zuwa 11 a tsawo, 8 zuwa 9 a faɗi, ana kuma son faɗin ya tsaya tsakanin kashi 75 da 80 na tsawon. Ana son bakin haƙoran sama ya bi lanƙwasar leɓen ƙasa, kada dasashi ya bayyana da yawa, layin da ya raba manyan haƙoran biyu kuma ya daidaita da ɗan kwarmin nan na ƙarƙashin hanci. Daga wajen 2007 wani likita ɗan ƙasar Birazil, Christian Coachman, ya yaɗa hanyar zana duk wannan a kwamfuta a kan hoton mutum, a nuna masa bakinsa na gobe tun bai zauna a kujera ba.

Irin wannan hoto ne ya shigo gidana bara, a cikin wayar ɗiyar ƙanena, ana saura wata uku bikinta. Yarinyar sunan mahaifiyarmu ta ci, saboda haka ban taɓa kama sunanta ba, Uwata nake ce mata. Ba sunan kaɗai ta ɗauko ba. Duk zuri'armu ita kaɗai ta gaji wushiryar tsohuwa. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo wayar.

"Baffa, dubi nan."

Hotuna biyu ne a jere. Na hagu na san mai shi. Na dama wata yarinya ce mai haƙora farare fat kamar farantin tangaran, jere reras, kai ka ce da reza ɗaya aka yanke su.

"Uwata, wannan ta daman 'yar gidan wa ce?"

"Kai Baffa! Ni ce mana. Haka zan koma in an gama."

Ashe wani asibitin haƙori ta je a wani babban birni don a wanke mata haƙora, aka ɗauke ta hoto, aka ce ratar nan matsala ce amma tana gyaruwa, za a lulluɓe haƙora 8 na sama da tangaran, mako biyu an gama. Na yi shiru ina duban hoton. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, hotunanta biyu ne kacal a hannunmu, a cikinsu kuma bakinta a rufe yake gam, domin mutanen zamaninsu ba sa yi wa mai hoto dariya. Wushiryarta ba ta rage a ko'ina ba a duniyar nan sai a bakin wannan yarinya. Duk ranar da ta yi dariya a tsakar gida, ni da ubanta mukan dubi juna.

To amma wannan damuwata ce, ba tata ba, ita ma kuma tana da hujjarta. Ta ce, "Baffa, a zamaninku hoton biki ɗaya ake yi a rataye a bango. Mu kuwa ɗaruruwa za a ɗauka, a matso da fuskar mutum a waya, wanda ya san ka da wanda bai san ka ba kowa ya tofa albarkacin bakinsa." Gaskiya ta faɗa. Baki nata ne, ita za ta zauna da shi. Abin da na roƙa ɗaya ne, ta raka ni wajen wani abokina tun na makaranta, likitan haƙori da ya yi shekaru yana aikin gwamnati kafin ya yi ritaya, mu ji ta bakinsa.

Likita bai yi mata wa'azi ba. Ɗan ƙarfen awo ya ɗauko ya kara a bakinta, ya rubuta lambobi uku a takarda: faɗin babban haƙori 8.5, tsawo 10.5, rata 2.

"'Yata, kin yi lissafi a makaranta, duba da kanki. Faɗin haƙorinki kashi 81 ne na tsawonsa, wato ko a ma'aunin nasu ba ki da laifi. Yanzu in za a toshe ratar nan, kowane ɗaya cikin biyun zai ƙaru da milimita 1. Ya zama 9.5 ke nan a kan 10.5, kashi 90. Haƙori ya koma kamar tubali. Don kada ya yi muni sai a ƙara masa tsawo ya doshi 12. Da ya yi tsawo sai na kusa da shi su zama 'yan ƙanana, dole su ma a ƙara musu. Da an ƙara musu sai fiƙa ta ce ita fa? Kin ga yadda rata ɗaya ta ci haƙora 8. Ba mugunta suka yi miki ba, lissafin ne yake jan juna."

Wannan bayani ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Daidaiton haƙora kamar ɗaurin ɗan boto yake, ba ka jan sanda ɗaya sauran ba su motsa ba. Bakin da aka haifi mutum da shi ya riga ya sasanta da kansa, haƙora da leɓe da dasashi da faɗin fuska duk sun saba da juna tun famfara. Mai awo yana zuwa ne da lamba daga waje, in ta saɓa da bakin sai ya ce bakin ne ya yi kuskure.

Daga baya na bi sawun ma'aunin, na tarar ko a gidansu ba kowa ya yarda da shi ba. A 1993 wani malamin likitancin haƙori a Amurka, Jack Preston, ya auna haƙoran mutane na ainihi, ya tarar ƙalilan ne haƙorinsu na biyu ya hau rabon zinariya, fiƙa kuwa sam ba ta bin sa. An maimaita irin wannan awo a ƙasashe da dama, amsar ba ta canja ba. A 1999 Vincent Kokich da abokan aikinsa suka riƙa jirkita hotunan murmushi kaɗan-kaɗan suna nuna wa mutane. Sai ga shi ko an gusar da layin tsakiya da milimita 4, mutanen gari ba sa lura, amma da zarar an karkatar da manyan haƙoran kaɗan kowa ya gani. Wato ido yana da abin da yake yafewa da abin da ba ya yafewa, kuma ba kullum ra'ayinsa yake zuwa ɗaya da na ƙarfen awo ba. Hasali ma tun a shekarun 1950 wasu likitoci biyu, Frush da Fisher, suka koya wa masu ƙera haƙoran roba su riƙa ɗan karkatar da wannan, su ɗan rage wancan, gwargwadon shekarun mai baki da yanayinsa, domin sun lura haƙoran da suka cika daidaita su ne suke tona asirin mai su. Abin mamaki, masu yin na ƙarya suna wahalar kwaikwayon na gaske, masu na gaske kuma suna biyan kuɗi a mayar musu da shi kamar na ƙarya.

Akwai wani ɗan abu da ya ba ni dariya, wanda ma'abota harshe za su ji daɗinsa. A littattafan koyar da wannan aiki, hanyar gwada tsawon haƙoran gaba ita ce a sa mutum ya furta kalmomi masu harafin F, a ga inda bakin haƙori ya taɓa leɓen ƙasa. Haka Bature yake furta shi. Bahaushe kuwa da leɓɓansa biyu yake hura nasa F ɗin, haƙori bai san ana yi ba, Basakkwace ma sau da yawa H yake mayar da shi. Ka ga rigar da aka yanka a jikin wani ke nan.

Da a ce abin ya tsaya ga ra'ayi, da ban ɓata tawada ba, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Inda gizo yake saƙar shi ne ɓawon haƙori. Wannan farin rufi shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, amma ba shi da rai, saboda haka ba ya tofowa. Gashi in an aske ya fito, farce in an yanke ya tsiro, ƙashi in ya karye ya ɗoru, shi kuwa ɓawon haƙori abin da aka goge ya tafi ke nan. A fuskar haƙoran gaba kaurinsa kimanin milimita 1 ne, kusa da dasashi ma bai kai rabin haka ba. Lulluɓin tangaran yakan buƙaci a kankare kimanin rabin milimita. In kuwa hula za a sa wa haƙorin, wato a rufe shi ta kowane gefe, sai an fiƙe shi ya koma kamar turke. A 2002 Edelhoff da Sorensen suka auna nauyin abin da ake zubarwa, suka tarar lulluɓi yana cin kashi 3 zuwa 30 na haƙori, hula kuwa kashi 63 zuwa 72. A ƙarƙashin ɓawon nan akwai ƙashi mai jin sanyi da zafi, a tsakiyarsa kuma ɓargo mai jijiya, wanda in aka matsa masa yana iya mutuwa.

Daɗin daɗawa, tangaran ba ya dawwama. Likitoci kan ba shi shekara 10 zuwa 15, wani ya wuce haka, wani bai kai ba. Yarinya mai shekara 24 in ta sa, kafin ta kai 70 za ta sake sau uku ko huɗu, kowace sakewa da kuɗinta, kuma babu ranar da za ta ce ta fasa a mayar mata da nata. Mutanen Ingila sun ɗanɗana wannan. Shekarun baya kaɗan matasansu suka yi ta kwarara Santambul da Antaliya neman haƙora masu araha a cikin hutun mako guda, har jaridunsu suka laƙaba wa abin suna haƙoran Turkiyya. Da yawa sun je da niyyar lulluɓi suka dawo da hula. A 2022 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Birtaniya ta tambayi mambobinta kimanin 1,000, kashi 86 suka ce sun yi jinyar waɗanda suka sami matsala bayan aikin haƙori a ƙasar waje. Turkiyya tana da ƙwararrun likitoci kamar kowace ƙasa, gaggawa da araha ne suka haɗu, garin neman gira aka rasa ido.

Kada mai karatu ya ɗauka wushirya nake yi wa kamfe. Ita ma ta ci haƙoran mutane. Yarabawa suna kiranta eji suna yabonta, Faransawa suna ce mata haƙoran sa'a, kuma a kudancin Nijeriya likitoci sun sha ba da rahoton 'yan matan da suka je wajen 'yan gwada-sa'a aka goge musu haƙora don a tsaga musu ita, daga baya haƙoran suka mutu suka yi baƙi. Larabawan da ma haka, suna kiranta falaj, har mata masu shekaru kan sa a bi musu haƙora da magagari don su yi kama da 'yan mata, shi ya sa Buhari da Muslim suka ruwaito hadisin da ya yi hani mai tsanani a kan haka. Mai tsagawa da mai toshewa duk magagari ɗaya suke riƙe da shi, kuma duk lafiyayyen haƙori suke ci.

Yayi kuwa mun san halinsa. Ni na tashi na tarar da matan unguwarmu suna goga furen taba da goro har haƙora su yi jawur, ana cewa sun yi kyau. Na ga lokacin da alhajin da ya dawo babu haƙorin Makka sai ka ce bai je ba. Yau 'yan mata nawa ne za su yarda su ci fure ranar biki? Sai dai fure yana gogewa in an bar shi. Wannan sabon yayin shi ne in ya wuce zai bar mutum da turaku a ƙarƙashin tangaran.

Duk da haka awo yana da ranarsa, kuma abokina likita shi ya fara faɗar haka. Yaron da ya faɗo daga keke ya karya haƙorin gaba, ɗan acaɓar da ya daki kwalta, wanda aka haifa da haƙori na biyu siriri kamar tsinke, dattijon da nasa suka cinye, duk waɗannan ma'auni rahama ne a gare su. Ya ce mini, "Malam, ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne ɗan'uwan haƙorin da ke gefe. In babu shi, in nemi tsohon hoton mutumin. Sai na rasa duka biyun nake buɗe littafi." Ya kuma ce ba kowace rata ce wushirya ba. Ta bakin yara yawanci takan rufe da kanta in fiƙoƙi sun fito wajen shekara 11 ko 12, don haka kada iyaye su yi garaje. Wadda kuwa ta ɓullo wa babba da rana tsaka tana ƙara faɗi, sau da yawa alamar ciwon dasashi ce, a hanzarta zuwa asibiti. Wanda kuma ya ƙudurta sai ya rufe tasa, akwai hanyoyi masu sauƙin ɓarna: wayar jera haƙora, wadda takan ɗauki watanni kuma sai an ci gaba da tallafa wa haƙoran don kada su koma, ko farin danƙon da ake ɗorawa ba tare da kankara mai yawa ba. Tambayar da ya kamata kowa ya yi kafin ya jingina a kujerar nan ita ce, nawa za a cire daga nawa, kuma in na fasa ana iya mayarwa?

Uwata ta yi wannan tambaya, ta ji amsa. Wanke haƙora kawai aka yi mata, aka sha biki. Ba ta ce ta haƙura ba, ta ce tana nan tana nazarin waya in hankali ya kwanta. Ban ce mata uffan ba, domin ko ta rufe ɗin, da sani ta rufe, ɓawonta kuma yana nan.

Sauran magana ɗaya. A 1862 wani likita Bafaranshe, Duchenne, ya wallafa bincikensa a kan tsokokin fuska, inda ya nuna cewa murmushin gaske tsoka biyu ke yin sa, wadda take ɗaga gefen baki da wadda ta kewaye ido. Ta farkon kowa yana iya jan ta in ya ga dama, ta biyun kuwa da wuya ta motsa sai zuciya ta yarda. Wannan shi ne bambancin da Bahaushe ya riga ya yi tsakanin murmushi da yaƙe, kuma duk milimitocin da na lissafa a sama babu ko ɗaya da ya kai wajen ido. Da kakanninmu suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ba su tsaya tambayar haƙora nawa ne a bakin mai masaukin ba.